Famfon da Ba Ya Jan Kowa Sai Hapsatu

Ranar da famfon ya fara jan Hapsatu, kwananta goma sha tara da shiga takaba. Talata ce, wajen ƙarfe goma na safe, tana tsugune a ƙarƙashin tankin ruwa da tulin wanki a gabanta. Ta miƙa jiƙaƙƙen hannu za ta ƙara ruwa a baho, sai wani abu ya tsarga mata daga yatsu har kafaɗa, kamar an watsa mata allurai. Ta janye hannun, ta duba, ba ta ga komai ba. Ta sake taɓawa, abin ya sake yi.

Gidan na Alhaji Maikano ne, yayan mijinta marigayi Ƙasimu, a wata unguwa da ke gefen garin Birnin Kudu. Alhaji yana da rijiyar burtsatse a tsakar gida, da babban tanki a kan ƙafafun ƙarfe huɗu. Duk lokacin da aka kawo wuta injin jan ruwa yana aiki, 'yan garuwa suna layi a waje, kowa da kurarsa, suna cika jarkoki daga tiyon roba da aka fitar ta jikin katanga. Sashen Alhaji da matarsa Hajiya Ummussalma yana da nasa famfunan a ciki, masu bututun roba. Famfon ƙarfe ɗaya ne ya rage a gidan, wanda ke manne da ƙafar tankin, kuma a nan ake wankin gida duka. Tun da aka dawo da Hapsatu da 'yarta Nasiha mai shekara bakwai ɗakin da ke kusa da turken dabbobi, wankin ya zama nata. Ba wanda ya buɗe baki ya ce da ita haka. Kayan kawai aka fara tarawa a ƙofar ɗakinta.

Ta faɗa wa Hajiya da azahar. Hajiya tana yankan alayyahu, ba ta ɗago ba, ta ce rashin barci ne da yawan kuka, jijiyar hannu takan yi haka.

Hapsatu ba ta yi boko mai nisa ba, a aji huɗu ta tsaya a firamaren Fagam, can ƙasar Gwaram, amma tana da lura. Cikin mako guda ta gane yadda abin yake. In babu wuta, famfon lafiya lau. In injin yana kuka, yana ja. In kuma aka dawo da wuta bayan an daɗe da ɗaukewa, irin dawowar da ƙwan fitila ke yin fari fat kamar zai fashe, to ko kusa da ƙafar tankin mutum ya tsaya a jiƙaƙƙiyar ƙasa sai ya ji tafin ƙafarsa yana yi masa tsam-tsam.

Mai takaba ba ta fita, ba ta ɗaga murya. Ta jira Alhaji ya dawo daga masallaci, ta durƙusa daga nesa ta gaishe shi, ta yi masa bayani ɗaya bayan ɗaya. Ya saurara har ta gama. Ya ce yana zuwa, bari ya ajiye carbi. Ya shiga zaure, inda makunnin injin yake, ya fito. Kafin ya ƙaraso tsakar gida kukan injin ya tsaya. Ya kira Hajiya, ya kira Dada, mahaifiyarsu shi da Ƙasimu, tsohuwa mai dogara sanda. A gabansu ya kama famfon da hannu biyu, ya murɗa, ya kurkure baki ya zubar.

"To, Hapsatu, ina abin yake?"

Ta ce injin a kashe yake. Ya ce wuta aka ɗauke. Ƙwan fitilar da ke ƙofar zaure yana ci a bayansa, ta gan shi, Hajiya ma ta gan shi. Alhaji ya yi irin murmushin da ake lallashin yaro da shi, ya ce Allah ya ba ta lafiya.

Dada ce ta fara raɗa wa abin suna, kuma ba da mugunta ba. Ta ce kurwar Ƙasimu ce ba ta saki matarsa ba, haka aka yi wa wata a Wurno tun tana yarinya. Ta ɗauko wata 'yar wuƙa mai ƙotar ice ta ba Hapsatu, ta ce ta riƙa soke ta a zani duk inda za ta. Matan da ke shigowa gaisuwa suka fita da maganar, suka dawo da ita ta ƙara girma. Kafin a ga watan azumi, unguwa ta san cewa matar marigayi tana da iska, kuma a bakin famfo take tasar mata. Hajiya ta hana 'ya'yanta zuwa wajen tankin. Ta ce saboda iskar.

A tsakiyar azumi, wata Laraba da la'asar, wuta ta zo da ƙarfin da ya fasa ƙwai a gidaje da dama. Talabijin ɗin falon Alhaji ta yi hayaƙi. Ba a yi sa'a guda ba Malam Aminullahi mai gyaran wuta ya iso da jakarsa. Ya sa wa firijin Hajiya sabuwar na'urar daidaita wuta, ya sa wa falon wani ɗan akwati da ke tare wutar in ta zo da hauka, ba ya sakinta sai ta lafa. Yana naɗe wayoyinsa a tsakar gida, Hapsatu ta ja mayafi ta rufe fuska, ta yi magana daga bakin ƙofarta. Ta ce don Allah, malam, ya duba famfon can.

Ya fito da ɗan sukudireba mai fitila a gindi, wanda suke kira tasta, ya ɗora a kan famfon. Fitilar ta kama ja. Ya ɗora a ƙafar tankin, ta kama. Ya ja da baya, ya dubi ruwan da ke kwance a ƙasa, ya dubi silifas ɗinta da suka cinye har dunduniya tana taɓa ƙasa. Ya nufi zaure.

Katanga ɗaya ce tsakanin ɗakinta da zauren. Ta jingina da ita.

"Alhaji, wayar injin nan ta narke a inda aka ɗaure ta da ƙafar tanki. Wayar da ke kai ɓarakar wuta ƙasa an yanke ta. Birekar da ya kamata ta katse wuta in abu ya lalace, an cire ta an sa waya mai kauri a madadinta. Wa ya yi maka wannan aikin?"

Alhaji ya ce birekar ce ke yawan faɗuwa, tana tsayar masa da inji ana tsakiyar ciniki.

"Ai faɗuwar ita ce aikinta. Gaya maka take yi akwai matsala."

Aminullahi ya rage murya, amma ta ji. Ya ce aikin rabin yini ne. Sai dai layin injin bai bi ta mita ba, ta bayanta aka ɗauko shi, shi kuma in ya buɗe sai ya mayar da shi kan hanya, ba ya gyara rabi ya bar rabi. Daga nan Alhaji ya ce a wannan zafin, ga azumi, idan ya tsayar da ruwa talakawan unguwa su sha me? A bari a yi sallah.

Da Aminullahi zai fita ya bi ta kusa da ɗakinta, yana kallon gabansa. "Baiwar Allah, in inji na aiki ki yi nesa da wajen nan." Bai sake shigowa gidan ba. Daga baya ta aika masa wata maƙwabciya, ya aiko cewa shi ba ya shiga gidan mutum sai mai gida ya kira.

Sai ta tsara wa kanta hanya. Ba ta wanki sai an ɗauke wuta. Da zarar injin ya yi shiru take fitowa da sauri, ta cika baho da bokitai, ta ja su nesa da tankin. Hajiya ta yi ƙorafin cewa kayan makarantar yara ba sa bushewa a kan lokaci, ta ce wanki ya koma sai iska ta ba da izini. Hapsatu ta ci gaba da tsarinta. Dabarar ta yi mata aiki har aka yi ƙaramar sallah, ba a gyara komai ba, ta ci gaba da yi mata aiki har kwana tara bayan sallar. Amma masu wuta ba sa sallama in za su dawo da ita.

Ran nan an ɗauke tun asuba. Tana riƙe da famfon da hannun dama, tana tara bokiti na ƙarshe, sai ta ji injin ya yi gurnani. Makunninsa a kunne ake barinsa kullum, don kada minti ɗaya na wuta ya wuce ba a ja ruwa ba. Yatsunta suka ƙulle a kan ƙarfen. Ta so ta saki, hannun ya ƙi. Ta ji haƙoranta suna haɗuwa, ta ji wani sauti yana fita daga maƙogwaronta wanda ba ita ta yi niyyarsa ba. Nauyin jikinta ne ya fizge ta da ƙafafunta suka saki, ta faɗi baya, kanta ya bugu da bakin baho.

Ta farfaɗo a kan tabarma, mata sun kewaye ta. Harshenta ya tsage. Fatar tafin hannunta ta yi fari, ta ɗaye. Hajiya tana ba da labari a kanta, tana cewa ta ji muryar da kunnenta, murya ce ta namiji. Nasiha tana tsaye a lungu, ba ta kuka, idonta a kan hannun uwarta.

Aka ɗauko wani malami daga wata unguwa. Ya yi karatu kusan sa'a guda, ya yi mata tambayoyi, ta amsa duka daidai. Ya ce shi bai ga alamar komai ba, a kai ta asibiti a duba hannun nan. Alhaji ya yi godiya, ya raka shi har bakin titi. Da matan unguwa suka tambaya, Hajiya ta ce malam ya ce aljanin mai taurin kai ne, ba ya fita a zama ɗaya.

Ba a kai ta asibiti ba. Alhaji ya ce mai takaba ba ta fita. Hapsatu ta san lalura tana ba da dama, ta kuma san likita zai tambayi abin da ya ƙona hannun. Aka aiko da man shafawa da bandeji daga kyamis. Bayan mako uku ciwon ya rufe, yatsu biyu na tsakiya suka lanƙwashe cikin tafin, ba sa miƙewa, ba sa jin zafi ko sanyi. Ba ta iya matse zani.

Wankin bai ragu ba. Wata safiya tana ɗaki ta ji Hajiya tana kira: "Nasiha, zo ki tara mini ruwa a bokitin nan." Injin yana kuka. Hapsatu ta fito ba mayafi, ta riski yarinyar saura taku uku ta kai famfon, ta fizgo ta, ta mare ta. Ba ta taɓa dukanta ba sai ran nan, kuma marin ya fi yadda ta yi niyya. Mata biyu da suka shigo sayen ƙanƙara suna tsaye suna kallo.

Ta samo tsohuwar robar tayar keke, ta yayyanka, ta nannaɗe kan famfon da ita da hannun hagu da haƙori. Washegari Dada ta gani, ta yi salati, ta ce ba za a yi mata ƙulle-ƙullen tsafi a gida ba, ta sa aka yanke. Hapsatu ta koma kulle Nasiha a ɗaki duk lokacin da aka kawo wuta. Yarinyar takan buga ƙofa tana cewa Inna zafi. Wannan ma aka ƙirga shi cikin alamomi.

Ta kira yayanta Ɗanbala a Fagam da tsohuwar wayar Ƙasimu. Ya ce Alhaji ya riga ya kira shi, ya yi masa bayanin komai. Ta ce Yaya, wuta ce, mai gyara ya gwada a gabana. Ya ce ta yawaita addu'a, ta daina jayayya da manya. A muryarsa ta ji irin taushin da ake yi wa marar lafiya, ta gane duk abin da za ta faɗa an riga an ba shi fassararsa.

Saura kwana goma ta fita takaba Alhaji ya kira ta falo. Na'urar daidaita wuta tana ƙyas-ƙyas a kusurwa. Ya ce an yi shawara. Ranar da ta cika kwanakinta Ɗanbala zai zo ya tafi da ita gida a nema mata magani. Nasiha za ta zauna. Jinin ƙaninsa ce, kuma wanda hankalinsa bai cika ba ba a ba shi riƙon yaro, ko gaban alƙali aka je.

Hapsatu ta daɗe a durƙushe. Ta roƙe shi da Allah, ta roƙe shi da darajar marigayi. Da ta ga bai motsa ba sai ta sauko.

"Yaya Alhaji, na yarda. Ina da iska. Zan faɗa a gaban kowa. Ku riƙe ta. Amma a gyara famfon kafin in tafi."

"Me ya samu famfon?"

"Na ji abin da Malam Aminullahi ya ce."

Ya dube ta a karo na farko tun da ta shigo. Ya ce to ga shi, har muryoyi ta fara ji ta cikin katanga. Ya ce ta tashi ta je, za a duba komai bayan sallah.

Ta fito ta tsaya a tsakar gida. Ta san yadda abin zai kasance, don ta ga yadda ya kasance da ita. Ba wanda zai ce da Nasiha wanki ya zama nata. Kayan kawai za a fara tarawa. Yarinyar ba ta da nauyin da zai fizge ta daga ƙarfen in ƙafafunta sun saki.

A turken da ke gefen ɗakinta akwai ragon layyar Alhaji, farin balami mai ƙaho biyu a murɗe, wanda yake fito da baƙi tsakar gida su gani. Ya cinye igiya uku, shi ya sa aka sa masa sarƙar ƙarfe a wuya. Hapsatu ce ke ba shi dusa da harawa tun zuwanta. Ya san takunta. In ta fito da safe yakan tashi ya goga mata goshi a cinya.

Kwanakinta suka cika ranar Asabar, saura kwana biyar babbar sallah. An yi ruwan sama da asuba, tsakar gida ta jiƙe sharkaf, an kuma ɗauke wuta tun da hadarin ya taso. Ta yi wanka, ta sa kayan da aka ɗinka mata, ta ɗaure nata a ƙullin zani biyu. Ɗanbala ya iso da hantsi, ya zauna a zaure shi da Alhaji. Hajiya tana kicin.

Hapsatu ta je turke, ta kwance sarƙar da hannun hagu. Ragon ya biyo ta ba gardama. Ta zagaya sarƙar a ƙafar tankin sau biyu, ta maƙala ƙugiyar, ta ajiye masa kwanon dusa a gabansa. Ya sa baki. Ta ɗora masa hannu a ƙeya, ta ɗauke. Ta koma ɗaki, ta zaunar da Nasiha tsakanin ƙafafunta, ta tura ƙofa, ta bar ɗan tsagi.

Wuta ba ta zo ba.

Ɗanbala ya aiko cewa ta fito su kama hanya, kada su rasa motar Gwaram. Ta ce tana tsefe wa yarinya kai. Ta tsefe, ta fara kitso da yatsu takwas, yana warwarewa tana sakewa. Aka kira azahar. Ya sake aikowa, ta ce sai ta yi sallah. Ta yi, ta daɗe a zaune. Ta tsagin ƙofa tana ganin ragon ya cinye dusar, ya kwanta a cikin danshin yana tuƙa. Sau biyu ta miƙe za ta je ta kwance shi. Sau biyu ta dubi ƙeyar Nasiha ta zauna.

Ƙarfe biyu saura kwata ƙwan ɗakinta ya yi fari fat. Injin ya yi gurnani.

Ta rufe wa Nasiha ido da tafin hannu. Ita ba ta rufe nata ba. Ragon ya zabura, ƙafafunsa suka sandare, ya faɗi a gefe yana karkarwa, sarƙar tana kaɗawa a jikin ƙarfen. Hajiya ta fito daga kicin tana kiran Alhaji. Mazan suka shigo da gudu. Ɗanbala manomi ne mai kiwo, abin da ya fara zuwa masa shi ne kada dabba ta mutu ba a yanka ba. Ya zaro wuƙa daga ƙugu, ya tattare riga, ya nufi ragon.

Alhaji ya damƙo shi ta baya har rigar ta yage.

"Kada ka taɓa shi! Wuta ce! Ƙarfen nan duk wuta ne, a kashe daga zaure!"

Injin yana ta kuka. Dada tana bakin ƙofarta da sanda. Hajiya ta sunkuyar da kai. Alhaji da kansa ya ruga ya kashe makunnin. Kafin ya dawo ragon ya daina motsi. Ɗanbala ya duba idonsa, ya ce ya riga ya zama mushe. Ya mayar da wuƙarsa kube a hankali.

"Alhaji, ashe ka sani."

Alhaji ya tambayi wanda ya ɗaure dabbar a nan. Maƙwabta sun fara shigowa, maza a bakin zaure, mata ta ƙofar baya. Hapsatu ta fito riƙe da hannun 'yarta.

"Ni ce."

Alhaji ya juya ga mutanen, ya buɗe hannuwa. Ya ce to, sun gani da idonsu. Ragon da take ciyarwa da hannunta wata huɗu. Mai hankali zai yi haka? Ya ce shi bai riƙe ta da komai ba, lalura ce, Allah ya yaye mata. Mutane suka yi ta jajanta masa. Daga nan ya koma gefe ya ciro waya.

Malam Aminullahi ya iso cikin minti arba'in. Alhaji ya amince da duk abin da ya ce a jimla ɗaya, har da mayar da layin ta mita. Aka gaya wa 'yan garuwa inji ne ya lalace, su dawo gobe. Aka ja ragon a kura aka fita da shi bayan gari.

Ɗanbala ya same ta a ƙofar ɗaki. Bai iya kallon hannunta ba. Ya ce shi kaɗai ne a garin mutane, ba zai iya ɗaukar yarinya da ƙarfi a gaban wannan taron ba, bayan abin da kowa ya ji ta faɗa da bakinta. Ya ce bayan an gama shuka za su je wajen alƙali, zai faɗi abin da ya ji. Ta ce to. Ta ji kalmar "bayan" sau da yawa a gidan nan, ta san nauyinta. Ta ce amma ba za ta shiga mota ba sai an gama aikin.

Ta zauna a dokin ƙofa tana kallo. Aminullahi ya cire narkakkiyar wayar, ya ja sabuwa ta cikin bututun roba, ya kafa sandar ƙarfe a ƙasa ya ɗaura mata waya, ya sa bireka a zaure. Bai dubi inda take ba ko sau ɗaya. Kafin ƙarfe biyar ya gama. Ya kunna injin, ya ɗora tastarsa a famfon, fitilar ba ta kama ba.

Hapsatu ta tashi. Ta cire silifas, ta taka cikin ruwan da ke kwance, ta jiƙa hannun hagu a baho, ta kama famfon injin yana kuka. Ta riƙe shi har ta karanta Fatiha ta shafa da ɗaya hannun. Ƙarfe ne kawai, mai sanyi. Ta kira Nasiha, ta wanke mata fuska da ruwan, ta goge da gefen mayafinta. Ta ce mata ta riƙa sa takalmi duk da haka, kuma in birekar zaure ta faɗi aka ce za a cire ta, ta gudu gidan maƙwabta ta faɗa wa duk wanda ta gani. Yarinyar ta ce Inna yaushe za ki dawo. Ta ce in an gama shuka.

Ta ajiye 'yar wuƙar Dada a kan tagar ɗakin. Suka samu motar ƙarshe mai zuwa Gwaram, ta zauna a baya, ƙullin kayanta a cinya, yatsun nan biyu a lanƙwashe a kansa.

Daga ranar da Hapsatu ta fara faɗa zuwa ranar da aka gyara, kwana ɗari da tara ne. Daga faɗuwar ragon zuwa isowar mai gyara, minti arba'in. An gama shuka a Fagam, an yi noman fari, an yi maimai, ba a je wajen alƙali ba tukuna. Nasiha ce ke wankin gidan yanzu, tana taka bulo don ta kai igiyar shanya.

A unguwar, in aka tuna da Hapsatu, ana cewa matar nan mai iska da ta kashe ragon layya. In wani baƙo ya nuna shakka, akwai hujjar da ake kawo masa, kuma Alhaji Maikano da kansa yakan kawo ta cikin natsuwa: tun ranar da ta bar gidan, famfon bai sake jan kowa ba.